Saƙar kwarashi da kayan bakwaini: tambayoyin da ake yawan yi mana a Birnin Kebbi

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa sai tambayoyi su yi mana yawa, musamman daga matan da suka ji labarin muna saƙa wa bakwaini huluna da safa muna kaiwa asibiti. Mu dai matan unguwa ne a nan Birnin Kebbi, bayan La'asar muke haɗuwa a tsakar gidan ɗaya daga cikinmu, kowa da kwarashinta. Wasu tambayoyin a gidan suna ko a islamiyya ake tare mu da su, wasu kuma ta WhatsApp suke zuwa daga Argungu, Jega, Yawuri da Zuru. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa. Wadda hannunta ya riga ya faɗa da saƙa ta tsallake biyun farko.

Ban taɓa riƙe kwarashi ba. Da me zan fara?

Kwarashi ɗaya, dunƙulen zare ɗaya, almakashi, tef ɗin awo irin na tela, sai allura mai faɗin kafa da za ki riƙa ɓoye bakin zare da ita. Kada ki bari mai shago ya haɗa ki da kwalin kwarashi goma sha biyu tun ranar farko. Ki duba jikin kwarashin, wurin da ya baje inda ake ɗora babban yatsa, za ki ga lamba: kaurinsa ke nan a milimita. Mai lamba 3.5 ko 4 shi ne daidai da mai koyo. Zaren kuma ya zama mai haske, fari ko ruwan ƙwai, domin a baƙin zare ba za ki ga inda za ki soka ba, balle da dare a hasken fitilar waya.

Abu uku za ki koya: sarƙa, gajeren ɗauri, da dogon ɗauri. Kusan duk abin da kike gani na kwarashi, daga tuma-ƙasa har shawul, waɗannan ukun aka jujjuya. Ki fara da ɗan murabba'i na ɗora kofi, kuma ki riƙa ƙirga ɗauri a ƙarshen kowane layi, don masu koyo sukan bar ɗaurin ƙarshe ba su sani ba, sai a ga saƙa tana tsukewa tana yin tsini.

Kwarashi ya fi ko tsinke?

Saƙar tsinke ta fi laushi da miƙewa, ta kuma fi tattalin zare. Kwarashi ya fi sauri, ya fi sauƙin warwarewa idan an yi kuskure, ga shi a jaka kawai ake jefa shi a tafi unguwa. Wadda ta iya tsinke ta yi hular bakwaini da shi, abinta zai yi kyau. Mu yawancinmu kwarashi muka gada wurin iyayenmu mata.

Me ya sa ake ta maganar hula? Ai garin nan zafi ne da shi.

A lissafin asibiti, duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bai kai lokacinsa ba. Akwai na mako 32 zuwa 37, waɗanda su ne mafi yawa, akwai na mako 28 zuwa 32, akwai kuma na ƙasa da mako 28, waɗanda sai an yi da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai kimanin miliyan 13.4 a duniya, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu bayan Indiya da Pakistan. Haka ma jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, ko da ya cika wata tara, kulawar ɗumi iri ɗaya yake buƙata.

Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Bakwaini ba ya iya riƙe wannan da kansa. Fatarsa siririya ce, ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi, ba ya iya karkarwa kamar babba don ya ɗumama jikinsa, sannan kansa babba ne idan aka gwada da sauran jiki, don haka ɗumi mai yawa ta nan yake fita. Idan ya yi sanyi, ɗan abincin da ya samu duk a neman ɗumi zai ƙare, sai ya daina kama nono, nauyi ya ƙi ƙaruwa, numfashi ya rikice.

Zancen zafin gari kuwa, ɗakin da ke da daɗin zama ga babba sanyi ne ga yaron da bai kai kilo biyu ba. Ki ƙara da asubahin watan Disamba da Janairu, da daren damina bayan an ɗauke ruwa, da fankar da ke kaɗawa a kansa, da tafiyar babur daga ƙauye zuwa asibiti da sassafe. Sau da yawa ma a wannan tafiyar sanyin yake kama su.

Wane zare ya dace?

Abin da muke kira ulu a kasuwa yawanci ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne na masana'anta, wanda ake rubuta akirilik a takardarsa. Ba laifi ba ne. Mai laushinsa yana riƙe ɗumi, yana jure wanki, yana bushewa da wuri, shi ya sa muke yin hular hunturu da shi. Aibinsa biyu: ba ya shan gumi, kuma wuta tana narkar da shi. Zaren auduga shi ne mai shan gumi, mai jure ruwan zafi, sai dai bai kai ulu miƙewa ba, don haka hular auduga tana son a yi mata awo sosai.

Idan an yage takardar zaren, kamar yadda ake yawan samu a babbar kasuwa, ki gutsiri ɗan tsawon yatsa ki kai shi bakin ashana a tsakar gida. Auduga takan ci da wuta da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba takan nannaɗe ta narke, ta bar baƙin ƙulli mai tauri. Ulun tunkiya na gaskiya ƙaurin ƙonannen gashi yake yi.

Sai gwajin laushi. Kada ki gwada da tafin hannu, wanda aikin gida ya riga ya sa shi kanta. Ki goga zaren a wuyanki ko a cikin tsintsiyar hannu, inda fata ba ta da kauri. Idan kin ji ko ɗan ƙaiƙayi, ki ajiye shi ki yi jaka da shi.

Zaren da ba ma taɓawa ga bakwaini: mai gashi-gashi da yake zubar da ɓurɓushi, don yana shiga hanci da baki; mai ƙyalli da aka murɗa da siririn zaren ƙarfe; da wanda rininsa yake zuba. Na ƙarshen nan ki jiƙa guntunsa ki matse a farin ƙyalle, za ki gani. Wata gwaggonmu ta taɓa tambaya ko abawarta da ta kaɗa da hannunta za ta yi, tunda auduga ce tsantsa. Auduga ce kam, amma abawa tana da kaushi da ƙulle-ƙulle, ta fi dacewa da tuma-ƙasa da abin shimfiɗa.

Kwarashin hular bakwaini kuma 3 zuwa 4, gwargwadon kaurin zaren.

Yaya zan san awon kan da ban gani ba?

Nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke ɓata zarensu, don idonmu da kan jaririn wata tara ya saba. Ga kewayen kai, a ƙiyasce:

Mako 28: wajen santimita 25 zuwa 26.
Mako 32: wajen santimita 29 zuwa 30.
Mako 36: wajen santimita 32 zuwa 33.
Wanda ya cika wata tara: wajen santimita 34 zuwa 36.

Hular ta gaza kewayen kan da santimita ɗaya ko biyu, saboda za ta miƙe. Daga tsakiyar kai ake farawa: ki yi ɗan zobe, ki zuba dogon ɗauri 12 a ciki, zagaye na biyu ki ninka ya zama 24, na uku 36, haka nan kina ƙara 12 a kowane zagaye har faifan ya kai faɗin da kike so. Faɗin kuwa lissafinsa mai sauƙi ne: ki raba kewayen hular gida uku, ki ɗan rage kaɗan. Hula mai kewayen santimita 28 tana son faifai mai faɗin santimita 9. Daga nan ki daina ƙari, ki ci gaba da zagayawa da adadin da kike da shi, za ki ga ta fara lanƙwasowa da kanta. Tsayinta daga tsakiyar kai zuwa baki wajen santimita 10 ga ƙanana, 12 zuwa 13 ga manya.

Kada ki dogara da ƙirgen ɗauri kaɗai, domin hannu ya bambanta: mai matse zare da mai sakin zare za su bi lissafi ɗaya su fito da hula biyu daban. Tef shi ne alƙali. Idan kin gama mafi ƙanƙantar, ki gwada ta a kan lemon zaƙi matsakaici. In ta zauna masa daidai, kin yi daidai, ko da zuciyarki tana ce miki ba ɗan adam ɗin da zai sa wannan.

Na mako 32 zuwa 36 su muka fi saƙawa, don su ne suka fi yawa a hannun iyaye mata. Amma kafin ki ɗaura niyyar guda ashirin, ki tambayi ma'aikatan sashen wane awo ya fi ƙare musu.

Zan iya sa mata 'yar fulawa ko duwatsu don ta yi kyau?

A'a, 'yar'uwa. Wannan ita ce amsar da ta fi ɓata wa mutane rai, kuma ita ce ba ma sassautawa a kanta. Ba maɓalli, ba dutsen ado, ba tuntu a tsakiyar kai, ba ribom, ba igiyar ɗaurewa a haɓa, ba roba a baki. Duk abin da aka liƙa zai iya ɓallewa, abin da ya ɓalle kuma bakin yaro yake nufa. Igiya tana iya naɗe wuya, ko ta sarƙe da siririn bututun da aka sa masa a hanci na abinci ko na iska.

Saƙa mai ramuka, irin mai kama da leshi da ake yi wa shawul ɗin suna, ita ma ba ta shiga. Yatsun bakwaini suna shigewa ramin, ya motsa, zare ya shaƙe yatsan. Mu da fensir muke gwadawa: idan ya wuce ta cikin ramin saƙar ba tare da an tura ba, ramin ya yi faɗi.

Sai cikin hular da cikin safar, wanda shi ne ainihin inda ake gane mai saƙa. Ki juya ta bai-bai ki kai ta hasken rana. Kada a ga ƙulli ko ɗaya, don yaron kwance yake yini a kan wannan wurin, ƙulli kuma yana yi wa fatarsa shaida har ya zama rauni. Idan zare ya ƙare a tsakiyar aiki, ba a ƙulla sabo da tsoho. Barin jela ake yi mai tsawon yatsa a kowanne, a zura a allura, a bi da ita ta cikin ɗaurin wajen santimita 5, a juyo baya a sake bi, sannan a yanke dab da jiki. Bayan haka ki ja saƙar ta ko'ina ki ga ko bakin zai leƙo. Zare guda da ya saki a cikin safa yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya tsayar da jini, ba kuma wanda zai lura sai an cire safar an tarar da yatsa ya kumbura.

Wadda hannunta yake ƙaiƙayin ado, ta yi shi da launi: layi biyu na shuɗi a bakin farar hula ya isa. Ni a ganina ma farar ko mai haske ta fi, don ma'aikaciyar jinya za ta ga jini ko amai nan take. Fulawa da duwatsu a ajiye wa 'yar shekara biyu ranar Sallah.

In wanke kafin in kai? Kuma in turara?

Ki wanke, kada ki turara. Zaren nan ya sha ƙurar kasuwa, ya sha hannu, wataƙila ma an yi ta ajiye shi kusa da murhu. Sabulu marar ƙamshi, ruwa mai tsabta, ɗauraya har sai santsi ya fita gaba ɗaya. Auduga tana ɗaukar ruwan zafi. Ulu kuwa ruwa mai ɗumi ya ishe shi, kuma ba a murɗe shi, matsewa ake yi a cikin tawul. A shanya a shimfiɗe inda rana take, a lulluɓe da siririn ƙyalle idan ana hazo. Kada dutsen guga ya taɓa ulu. Idan ya bushe ƙarau, a sa kowace hula da safarta a sabuwar leda, a rubuta awon a jikin ledar.

Na san al'adarmu: kayan jariri ba sa fita sai sun sha turaren wuta, an ɗiga musu humra. Ga bakwaini a haƙura da wannan. Huhunsa bai gama ƙwari ba, hayaƙi da ƙamshi mai ƙarfi suna wahalar da shi, kuma ƙamshin da yake buƙatar ya gane shi ne na jikin uwarsa da nononta.

Wanda ya fi turare haɗari shi ne kafur, farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin akwati don kyankyaso da asu. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci suke kira G6PD. Irin wannan yaro idan aka sa masa tufafin da suka kwana da kafur, ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, wadda take iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a gane mai wannan matsala da ido. Saboda haka zaren da ya zauna a akwatin kafur ba ma karɓarsa, ko an ce an wanke. Ku gaya wa kakanni ma, don sau da yawa su ne masu fito da tsohon shawul daga ƙasan adaka saboda jika.

Ban da hula da safa, me ake buƙata?

Zanen goyon ƙirji. Wannan ma ya fi hular muhimmanci, kuma ba ya son kwarashi, keken ɗinki kawai ko allura da zare.

Asibitoci suna koya wa masu jego abin da ake kira goyon kangaru: a ɗora jaririn a tsaye a tsakanin nonon uwa, fata na taɓa fata, ba komai a jikinsa sai kunzugu da hula da safa, a juya kansa gefe guda, a ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar numfashi ta buɗe, sannan a ɗaure shi da zane wanda bakinsa na sama zai tsaya daidai ƙasan kunnensa. An fara wannan a shekarar 1978 a wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya, inda kwalaben jarirai suka yi kaɗan, wani likita mai suna Edgar Rey ya ga jikin uwa zai iya yin aikin. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi nan da nan bayan haihuwa, a kuma yi shi awa 8 zuwa 24 a rana. Uba ma yana yi, kaka tana yi, kishiya mai kirki tana karɓa uwar ta yi wanka ta ci abinci. Kin ga ke nan hular da muke saƙawa cikon wannan goyon ce: ƙirji ya rufe jiki, hula ta rufe abin da ya rage a waje.

Zanen ya zama auduga mai laushi. Tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta fi sabuwa mai sitaci. A kalmashe bakinta da lallausan ɗinki, ba zip, ba fil. Wasu asibitocin suna da samfurin da suka fi so, mai hannuwan ɗaurewa. In akwai, a aro ɗaya a kai wa tela ya kwafa.

Ƙaramin bargo mai faɗin santimita 50 zuwa 60 kowane gefe shi ma yana da amfani, na rufa bayan yaro a kan goyon ko ranar sallama. Saƙar ta zama matsattsiya, ba geza. Rigar sanyi kuwa a yi ta mai buɗewa ta gaba, amma ba ita ce ta farko a buƙata ba, domin wanda ke cikin kwalba ko ƙarƙashin fitilar shawara yawanci ba a sa masa riga.

Na ga a intanet ana saƙa wa bakwaini wata 'yar dabba mai hannuwa takwas. Mu ma mu yi?

A ƙasar Denmak aka faro ta a 2013. Siffar wata halittar teku ce, hannuwanta a murɗe, wai yaro ya riƙa damƙa kamar yadda yake damƙar cibiya a ciki, maimakon ya fizge bututu. Masu yin ta suna da dokoki masu tsauri: auduga zalla, saƙa matsattsiya yadda abin da aka cusa ba zai fito ba, kowane hannu kada ya wuce santimita 22 idan an miƙe shi, kuma sai an duba kowace ɗaya kafin ta shiga asibiti. Mu ba ma yi. Zaren da 'yar dabba guda ɗaya take ci zai fitar da hula biyu ko uku, kuma a sashen da ma'aikaciya ɗaya take duba jarirai da yawa, ba na son in ƙara mata abin sa wa ido a cikin gadon yaro. Sai fa idan likitan sashen ne ya nema da bakinsa.

Yaya ake kaiwa asibiti?

Tambaya ake fara yi kafin a kai. A manyan asibitoci irin asibitin tarayya da na Sir Yahaya a nan Birnin Kebbi, ko babban asibitin garinku, ki nemi shugabar ma'aikatan jinya ta ɓangaren jarirai ko ta ɗakin haihuwa. Ki je da samfuri ɗaya a leda, ba buhu ba. Gaisuwa, sannan: "Sista, sannu da aiki. Mu masu saƙa ne, muna son mu riƙa kawo wa ƙananan jarirai irin wannan sadaka. Ya yi, ko akwai gyara?" Abin da ta ce shi ne doka. Idan ta ce ba su karɓar kayan waje, ki yi godiya, don tsoron cuta ne ya sa, ba wulaƙanci ba. Ungozomomi da ƙananan asibitocin unguwa suna nan.

Kada ki nemi shiga ɗakin jariran. Mai mura ko tari ta ba wata ta kai. Kuma hula ɗaya ta yaro ɗaya ce, da ita zai tafi gida.

Za mu iya ɗaukar hoto mu sa a Facebook don wasu su yi sha'awa?

Hoton hulunan a kan tabarma, ƙwarai kuwa. Hoton jaririn mutane ko na uwarsa, a'a. Matar da take zaune a bakin kwalba ba ta san ko ɗanta zai kwana ba, ba za ta iya ce wa mai kyauta "kar ki ɗauke ni" ba, ko da ranta bai so. Wanda yake son ranar da zai yi yekuwa, a watan Nuwamba ake tunawa da bakwaini a duniya, kuma launin shanshanbale ne alamar ranar.

Ban iya saƙa ba, ko kuma ba ni da kuɗin zare.

Dunƙule mai giram 100 yana fitar da huluna biyar ko fiye na ƙananan awo, don haka wadda ta sayi dunƙule ɗaya ta miƙa wa mai saƙa ta yi abin kirki. Akwai mai wanki da shanya, akwai mai rubuta awo a leda, akwai mai kaiwa. Mu ɗan asusu muke yi kamar na adashe, sai dai ba mai kwasa, zare ake saye da shi a sari, wanda ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi nesa ba kusa ba.

Maza ma suna tambaya, a kunyace. Malam, ai ɗinkin hula da saƙar tabarma da aikin babbar riga duk maza suna yin su a ƙasar nan. Wanda ya iya zaman ɗinkin kube, kwarashi ba zai gagare shi ba.

Ina son in riƙa sayarwa. Yaya zan yanka kuɗi?

Ki raba na sadaka da na kasuwa tun daga zare, kada lissafi ya cakuɗe. Na kasuwa kuma ki fara da sanin abin da kika kashe: ki auna kayan da kika gama a sikelin masu sayar da kayan ƙamshi, ki san giram nawa ya ci, ki fitar da kuɗinsa daga kuɗin dunƙule. Ki ɗora kuɗin mota zuwa kasuwa, leda, sabulu. Sannan ki sa wa zamanki kuɗi, wanda shi ne matan gida suke mantawa, su yi kwana uku a kan shawul su sayar da shi a kuɗin zare.

Da kayan kanti na inji ba za ki yi gasar araha ba, kada ma ki fara. Abin da kike da shi wanda kanti ba shi da shi: awo daidai jikin yaro, launin da uwa ta zaɓa ya shiga da atamfar suna, da aikin da ba ya warwarewa a wanki na biyu. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki sayi zare, ko da 'yar ɗakinku ce. Setin suna, wato hula da safa da riga da shawul, tun ciki yana wata bakwai ya kamata a ba da aikinsa. Mai zuwa ranar da aka haihu tana son ta karɓa kafin kwana bakwai, ki gaya mata gaskiya tun a tsaye.

Guntayen zaren da suka rage fa?

Ba a zubarwa. Ƙananan murabba'ai masu launi daban-daban idan aka harhaɗa su suna zama bargon yaro babba ko rigar filo. Ana yin tuma-ƙasa ta rufe kwanon maigida, marfin jug, jakar waya, jakar zuwa islamiyya, ɗan tofin 'yar tsana. Na ɗaukar tukunya daga wuta dai sai auduga, don ulu narkewa zai yi a hannu. Ledar da ta cika mana kwata ma ana wanke ta, a yanka ta zobe-zobe, a sarƙa ta zama igiya, a saƙa jakar cefane ko abin shimfiɗa a bakin ƙofa da babban kwarashi mai lamba 6 zuwa sama. Wadda kuma ta taso gidan da ake saƙar kaba, ta gwada naɗe bakin faifai ko mafici da ragowar ulu, yana hana shi zarewa, yana kuma ƙara masa kuɗi a kayan ɗakin amarya.

A cikin samfuran intanet na ga har da rigunan binne jariran da suka rasu.

Al'adar wasu ƙasashe ce. A wurin Musulmi farin ƙyalle ne likkafani, ba ya buƙatar saƙa. Idan iyali Kirista ne suka nema, sai a yi musu yadda suke so.

Hannuna yana ciwo idan na daɗe ina saƙa.

Kina matse kwarashin da yawa ne, ko kina zama awa biyu ba hutu. Ki riƙa ajiyewa kina miƙe yatsu duk bayan rabin awa, ki sa filo a ƙarƙashin gwiwar hannu, ki naɗa wa siririn kwarashi ƙyalle ya yi kauri a hannu. Idan yatsu suna mutuwa da dare, ki ga likita.

Idan bazara ta shigo, sai mu dakata?

Ba a daina haihuwar bakwaini a bazara, sai dai a sauya zare. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, hular auduga siririya muke yi, mu ajiye ulu. Zafi ma yana yi wa jariri illa kamar sanyi: idan jikinsa ya wuce 37.5, ko ya yi ja yana numfashi da sauri, a rage masa rufa a kira ma'aikaciyar jinya, a gida kuma a garzaya asibiti. Ulun da aka ajiye, a bazarar muke saƙa shi da sassafe kafin rana ta ɗaga, mu wanke, mu ƙulle a leda a cikin bokiti mai murfi, ba kafur, yadda kafin ruwan Yuli da Agusta ya kankama akwai na kaiwa, sauran kuma su jira Disamba.